Kocin da Filinsa Gonar Dawa Ce

Baba mai shawara, don Allah ka taimake ni, kaina ya ɗaure. Shekara goma sha ɗaya ke nan ina horar da ƙungiyar ƙwallon garinmu a ƙasar Kiru. Filinmu ma gonar Malam Ghali ce. Sai an yanke dawa muke tuge tushiya, mu baje kunya, mu kafa raga. Bana za a yi gasa a Tudun Wada, an ce kocin da ba shi da takardar shaida ba zai zauna a benci ba. Ni kuwa ko ban ruwa nake wa albasa, fangalin nan 'yan wasa nake ganinsu, ina jera su huɗu-huɗu, har ruwa ya malale ban sani ba. Ina hango kaina a bakin layi, ciyawa shar, usur a wuya. Kwas biyu aka nuna min. Ɗaya a waya ake yinsa, sati biyu a turo takarda mai ruwan gwal. Ɗayan a Kano, sati uku ana shiga fili, amma ya faɗo daidai yankan dawata, ga ni da kunyar rubutun Turanci. Tsorona kada ƙungiyar da na yi rainonta ta fita fili da wani a kujerata.

Mai Usur, Kiru

Ɗana Mai Usur, na daɗe da jin wai akwai takardar koci da ake samu takalmin mutum bai taɓa ƙasa ba. Wani ɗan acaɓa ya fara faɗa min a Bebeji, na ɗauka hirar hanya ce. Ga shi yau kai ma ka faɗa, to na yarda.

Ban raina karatun waya ba, ana ƙaruwa da shi. Amma ba ado za ka kai Tudun Wada ba. Ka fara zuwa wurin masu gasar, su faɗa maka takardar da suke karɓa, a rubuce. Sannan ka tambayi kowane kwas: wace hukumar ƙwallo ce ta san da shi, kuma wa zai tsaya ya kalle ka kana horarwa? Wanda ya yi inda-inda, ka yi masa sallama.

Ni dai Kano zan tura ka. Turancin nan ka faɗa wa malamai tun ranar farko; ba kai ne manomin farko da ya shiga ajinsu ba. Dawa kuwa, kira gayya. Samari ashirin da biyu da ka sa gudu shekara da shekaru, ai sun iya riƙe lauje. Salon atisaye ne, ka dafa musu tuwo.

Idan takardar ta makara, ka je gasar duk da haka, ka tsaya bayan igiya cikin 'yan kallo. Muryarka suka sani, za su jiyo ta. Benci kuma yana nan baɗi.

Allah ya ba da sa'a, ya sa albarka a dawa, ya kuma tsare albasar nan daga ambaliya.