Takardar Ajamin da Ta Kwana Goma Sha Biyar a Kwando

Zuwa ga Babban Jami'in da ya sa hannu a umarnin soke tsohon tsarin aika rahoto daga ƙauyuka.

Ranka ya daɗe,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan kana lafiya, kai da iyali da ma'aikatan da ke ƙarƙashinka, ina neman izini in gabatar da kaina. Sunana Isiyaku Mamman, malamin dagacin Tsamiyar Buba, wani ƙaramin ƙauye kusa da Ɗanzomo a ƙasar Sule Tankarkar. Ban san sunanka ba, ban taɓa ganin fuskarka ba. Sa hannunka kawai aka nuna mini a gindin wata takarda. Shi ya sa na bayar a buga wannan wasiƙa a jarida, ko Allah zai sa ta iso gabanka.

Na farko, aikina. Shekara ashirin da huɗu ke nan ina rubuta wa dagacinmu rahoto. In an haihu, in an mutu, in fara ta sauka a gona, in rijiya ta rufta, in ciwo ya shiga shanun Fulanin da ke zaune tare da mu, ni nake rubutawa da ajami, dagaci ya buga hatimi, a kai ofishin hakimi, daga can a wuce da shi Gumel. A Gumel akwai wani dattijon akawu, Malam Sule, wanda ya san hannun kowane malamin dagaci. Da ya ga takarda zai gaya maka daga ƙauyen da ta fito tun bai kai ga hatimi ba. In maganar gaggawa ce, ba mu taɓa wuce kwana huɗu ba mu ji amsa ba.

Na biyu, umarninka. Bayan da aka rushe En'e aka kafa ƙananan hukumomi, ka ba da umarni cewa an daina karɓar rahoto da ajami. Sai da boko, a kan fom na musamman, a buga da tafireta kofi uku, kowane ƙauye da lambarsa. Maganar gaggawa kuwa a aika ta rediyon oba-oba da za a kafa a ofishin hakimi. Malam Sule aka sallame shi ya koma gida.

Yallaɓai, ba na jayayya da dalilinka. Na ga yadda gara take cinye tsofaffin takardunmu. Na san hannun wasu malamai ko su kansu ba sa iya karanta shi bayan shekara. Zamani ya zo da abin da ya fi namu sauri, kuma ban ƙi ba. Abin da nake kuka a kai shi ne an rufe tsohuwar hanya tun sabuwar ba ta buɗe ba. Umarnin da Turanci aka rubuta shi, aka manna a allon sanarwa a Gumel, ba wanda ya zo ya karanta mana. Fom bai iso ƙauyenmu ba. Tafireta kuwa, tun da nake ban taɓa ganin ta a gidan wani dagaci ba. Rediyon an kafa shi, amma batirinsa ya mutu, wanda aka ce zai riƙa aiki da shi kuma yana Kano wajen kwas.

Na uku, abin da ya same mu. A bazarar da ta wuce, ana tsananin zafi, ciwon sanƙarau ya shigo mana. A rugar da ke bayan rijiyarmu ya fara, da yara uku a rana ɗaya. Matata Hauwa ita ce ungozomar garin, kuma Bafulatana ce, mutanen rugar danginta ne ta wajen uwa. Ita aka kira. Ta dawo da hantsi, ko mayafi ba ta cire ba ta ce mini wannan ba zazzaɓin da aka saba ba ne, wuyan yaran ya sandare, in hanzarta in rubuta a turo ma'aikatan lafiya.

Ranar Asabar ce. Na zauna a zaure na rubuta, na sa sunayen yaran da alamun ciwon kamar yadda ta faɗa mini, na ja layi biyu a ƙarƙashin kalmar gaggawa. Garba ƙanen dagaci ya hau keke ya kai ofishin hakimi. Da suka ga rediyo ba ya aiki, suka sa ta a jakar wasiƙun Gumel, ta tafi washegari. Na gaya wa mutane su yi haƙuri, zuwa Laraba mota za ta zo.

Laraba ta zo ta wuce. Muka binne biyu daga cikin yaran. Ciwon ya tsallako cikin gari. Kullum da safe mutane sukan taru a ƙofar gidana su tambaye ni labari, ni kuma in ce musu ana hanya, domin a zuciyata ban taɓa kawo cewa takardar da ke ɗauke da hatimin dagaci za ta zauna ba a duba ta ba. Hauwa ba ta zauna ba. Daga wannan gida sai wancan, tana jiƙa tsumma tana ɗora wa marasa lafiya a goshi, tana ɗura musu ruwa da ludayi. Na ce ta huta, ta ce in ta huta wa zai shiga wajen matan.

A kwana na takwas ta kwanta. Ta ce a rufe ƙofa, haske yana sukar idonta. Da zazzaɓin ya yi tsanani sai Hausa ta ɓace mata, ta koma Fulatancin da ta tashi da shi, tana kiran mahaifiyarta wadda ta rasu tun kafin aurenmu. Da gari ya waye muka shimfiɗa mata tabarma a amalanke, muka ɗaura shanu, muka nufi titi ko za mu sami motar Gumel. A hanya ta farfaɗo, ta gane ni. Ta ce, "Malam, sun amsa takardar?"

Na ce mata sun amsa, suna tafe.

Ranka ya daɗe, shekara ashirin da shida muna tare, ban taɓa yi mata ƙarya ba sai wannan karon. Ta yi hamdala, ta rufe ido. Ba mu kai titi ba. A gindin wani gawo muka tsaya, rana ta ɗaga, na ɗora hannu a ƙirjinta na ji shiru. Muka juya kan shanu muka komo gida. Allah ya jiƙanta, ya sa jinyar da ta yi wa mutane ta zama hasken kabarinta.

Na huɗu, abin da na tarar a Gumel. Bayan an share makoki na tafi da kaina, domin ciwon bai tsaya ba. A kujerar Malam Sule na sami wani saurayi, sabon akawu, mai ladabi. Na gaya masa abin da ya kawo ni. Ya duba rajistarsa ya ce babu rahoton da ya shigo daga ƙauyenmu. Sai idona ya kai kan wani kwando a ƙarƙashin teburinsa, cike da takardu. Na hango hannuna. Ya ciro takardar, ga jan biro a samanta, ya ce an rubuta cewa ba a kan fom take ba. Bai iya ajami ba. An ce masa duk irin waɗannan ya tara su gefe har a zo da umarni, shi kuma ya ɗauka rigimar iyakar gona ce.

Ya roƙe ni in karanta masa. Na tsaya a tsakiyar ofis na karanta, da sunayen yaran da muka riga muka binne. Kafin in kai ƙarshe ya kifa kai a tebur yana kuka, ni da aka yi wa mutuwa na koma ina ba shi haƙuri. Ya tashi da gudu ya shiga wajen shugabansa. Kafin la'asar Landiroba ta shiga Tsamiyar Buba da ma'aikatan lafiya da allurai. Tafiyar ba ta kai ta awa biyu ba. Cikin mako guda ciwon ya lafa, waɗanda aka samu da sauran numfashi yawancinsu suka tashi. Mutum tara muka rasa kafin nan.

Ni Musulmi ne, na san ajali ba ya jinkiri, kuma na karɓi hukuncin Ubangiji. Amma wannan bai ɗauke wa kowa nauyin aikinsa ba. Kwandon nan ba tawa kaɗai ke ciki ba. Na ga hannun malamai daga wajen Gagarawa da Maigatari, ban san me suka rubuta ba, ban san wa suke jira ba.

Na biyar, roƙona. Kada a hukunta wannan akawu, abin da aka ce ya yi shi ya yi. A zazzage kwandon nan yau, a nemo wanda zai karanta duk abin da ke ciki. A maido Malam Sule ko wani irinsa ya zauna kusa da sababbin akawuna har ranar da kowane ƙauye ya sami fom da wanda zai cika shi. Kada a sake soke wata hanyar aika saƙo sai an gwada sabuwar an ga ta kai ta komo. In an yi sabon umarni, a juya shi da Hausa, a aiko mutum ya karanta shi a ƙofar dagaci ko a kasuwa. Na kuma ji ana shirin ƙone tsofaffin littattafan ajami da ke sito. A cikinsu akwai iyakokin gonaki da burtalin shanu da haihuwar 'ya'yanmu. Don Allah a kwafe su tukuna.

Yanzu fom ya iso. Ni da furfurata nakan je wajen hedimastan firamare da yamma yana koya mini boko, kuma shi ya gyara mini wannan wasiƙa. Fom na farko da na cika da hannuna na rasuwar Hauwa ne. Akwai wani ɗan gurbi da aka ce a rubuta dalilin mutuwa. Kalma ɗaya yake ɗauka, sai na rubuta sanƙarau. Sauran dalilin da gurbin bai ɗauka ba shi ne na rubuto maka.

Allah ya ba ka ikon gyarawa, ya kiyaye iyalinka, kada ya nuna maka ranar da za ka aika neman taimako ka zauna kana duban hanya.

Wassalam.

Naka mai biyayya,
Isiyaku Mamman,
Malamin Dagacin Tsamiyar Buba.