Murfin da Inna ba ta iya ɗagawa

Daura, daren Laraba

Ko tuwon dare na kasa ci.

Da aka gama tankin ruwanmu na ƙarƙashin tsakar gida, ni na je wurin mai walda na zaɓi murfinsa. Na ce ƙarfe mai kauri nake so, wanda babur ɗauke da buhun gero zai bi ta kai bai lotsa ba. Na ɗaga shi da hannu biyu, na ce ya yi. Har baƙi nake nuna wa.

Yau bayan La'asar maƙwabciyarmu Hajiya Dije ta tare ni a ƙofar gida. "Malam Sani, tankin naku yoyo yake yi? Kullum sai Inna ta shigo da buta neman ruwan alwala."

Na shiga na tarar da Inna tana tsince wake. Na tambaye ta, ko kallona ba ta yi ba. "Babu komai. Murfin mai kyau ne, Allah ya yi albarka."

Ni ne ɗan farinta. Ko sunana ba ta faɗa, balle ta ce aikina ya fi ƙarfinta. Na san haka sarai, amma babur na tuna, na manta da wadda ke yini a gidan.

Gobe za a yanka ƙaramar ƙofa mara nauyi a tsakiyar murfin, daidai shigar guga, da mariƙi. Inna ce za ta gwada.

Ɗazu na je in cika mata butar Asuba, na tarar a cike take. Ruwan gidan Hajiya Dije ne.