Gurbin Yaya Isa a Bargonki

Zuwa ga mahaifiyata, Inna Hauwa,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da girmamawa irin ta ɗiya ga uwa, ina fatan Allah ya sa kina cikin ni'ima a makwancinki. Na san ba a aika wa kabari takarda, masu karanta wannan ma za su ce Asabe ta fara taɓuwa. Su yi ta faɗa. Maganar bargonki ce ta kawo ni, kuma ba ni da wanda zan kai wa ita sai ke. Haladu, ɗan Yaya Isa, ya shiga soja, Inna. Yau da safe muka raka shi tasha, ya tafi Zariya.

Kin fara bargon nan a shekarar da aka sami 'yancin kai, ina yarinya. Kikan taka daga Angwan Iya har Sabon Gari wajen teloli, su tara miki ƙyallaye a buhu, ki haɗa wa masu jego da tsofaffin unguwa abin rufa. Amma na gadonki daban ne. Ba ƙyallen da ya shiga cikinsa sai wanda ya fito daga jikin ɗan gidanmu. Kina da guntun kwali mai faɗin tafin hannu, da shi kike auna kowane yanki. Ki jera su layi-layi, ki shimfiɗa tsohon zani a tsakiya, ki yi masa shafi da akoko, sannan ki bi shi da ƙananan ɗinki gicciye don kada cikin ya dunƙule in an wanke.

Dokarki ɗaya ce, kuma na sha ƙwanƙwasa da gindin almakashi a kanta. Kikan ce, "A wanke sabon yadi kafin a haɗa shi da tsoho. Sabo in ya sha ruwa tsukewa yake yi, ya ja tsohon ya yage shi." Har yau in na ga yadi da sitatinsa, sai bayan hannuna ya yi mini ƙaiƙayi.

Abin da ya fi ba mu tsoro shi ne farin ƙyalle. In wani ya rasu a gidan, kikan warware yankinsa ki maye gurbinsa da farin alawayyo. Ranar da Kaka ta cika, ko tukwanen sadaka ba a gama wankewa ba muka gan ki a bakin ƙofa da reza kina tsinke zare. Baba ya ce camfi ne, ba ya cikin littafi. Kika ce masa ke ba duba kike yi ba, so kike ki kwana da naki a jikinki, na duniya da na lahira. Mu yara kuwa muka daina hawa gadon nan.

Yankin Yaya Isa shuɗi ne, daga wata rigar makarantarsa da ta riga ta sha jiki. Yana tsakiyar bargon, daidai inda ƙirjinki yake kaiwa. Da yaƙin basasa ya tashi ya sa kaki ya tafi, ya bar matarsa Larai da ciki. Aka gama yaƙi, samarin Keffi suka riƙa sauka a tasha, wani da rediyo a kafaɗa, wani da sanda a hammata. Shi dai shiru. Ba takarda, ba gawa. Wani ya ce ya gan shi a bakin kogi, wani ya ce ba shi ba ne. Da shekaru suka ja Baba ya tara malamai aka yi masa addu'a. Ke kika tuƙa tuwon sadakar da hannunki, amma shuɗin nan ba ki taɓa shi ba.

Sai kuɗin mai suka shigo gari. Manyan motoci suna ta wucewa dajin da aka ce za a gina sabon babban birni, matan unguwa kowa ta koma leshi da shadda, aka fara kiran aikinki tsumma. Ba ki kula su ba. Damuwarki shuɗin da yake sirancewa kullum, har ana hango akoko ta cikinsa. Kika yi ta cike shi da allura, kina saƙa zare kan zare, har zaren ya fi yadin yawa.

Na san tausayi ne ya ja ki. Kika sayo sabuwar shadda mai kauri a kanti, kika kewaye shuɗin da ita ta kowane gefe don ta riƙe shi. Ba ki wanke ta ba, Inna. Ke da kika koya mana! Ko sauri ne, ko zuciyar ce ba ta wajen, ban sani ba, kuma ban taɓa samun bakin tambayar ki ba.

Da damina muka wanke bargon, ni da Larai, muka shanya a igiya. Kafin la'asar shaddar ta tsuke. Shuɗin ya dare gida biyu, da na kai hannu sai ya biyo yatsuna kamar jiƙaƙƙiyar takarda. Kika fito daga ɗaki kika tsaya kina kallo, kin daɗe. Abin da kika ce kawai shi ne, "Asabe, shigo da shi, hadari ya taso." Na duba sama, ban ga hadari ba.

Ba ki sa fari a wajen ba, ba ki kuma sa wani abu ba. Kika bar ramin haka, kina rufa da shi, kina cin abinci kaɗan-kaɗan. Kafin a gama yankan dawa muka kai ki makwancinki. Ni na warware yankin atamfarki na sa miki alawayyo, ina yi ina kuka. Gurbin Yaya Isa kuwa na bar shi yadda kika bar shi.

A gaban ramin nan Haladu ya girma. Tun yana ƙarami yakan zura yatsa ciki ya ce nan ne babansa. Shekaranjiya ya shigo mini da guntun kaki da ya yanko a wajen telan da ya rage masa wando. Ya durƙusa ya ce, "Gwaggo, ki sa ni a gurbin babana." Na ɗauko kwalinki na auna, ya yi daidai kamar don wajen aka yanka shi. Na ji kamar in na ɗinka shi a nan, na tura shi hanyar ubansa ke nan. Sai na yi masa wayon manya, na ce ya bari sai ya dawo hutu, ya riƙe mini gefe mu ɗinka tare. Ya yi dariya ya ce ni dai da tsoro, ya ajiye mini kakin a cinya.

Da motarsu ta tashi ɗazu, muna komowa gida, na ba Larai labari, ina ma jin na yi dabara. Sai ta tsaya cak a tsakiyar hanya. Ta ce akwai abin da ban sani ba. Ranar da Yaya Isa zai tafi, shi ma ya kawo miki guntun kakinsa, ya ce ki cire tsohuwar rigar nan ki sa wannan, ya fi ƙarfi. Kika mayar masa, kika ce ya riƙe sai ya dawo. Tana bayan ƙofa ta ji ku, kuma duk shekarun nan ba ta faɗa wa kowa ba.

Ban san yadda na iso gida ba. Na wanke kakin na cuɗe shi sosai, na tsaya a kansa har ya bushe, na zauna a bakin ƙofarki na ɗinke shi a gurbin. Ɗinkin ya karkace. Da kina nan da kin sa ni na warware. Ba zan warware ba. Ramin ya rufe, amma yaron ya riga ya yi nisa, bai san na sa shi ba, kuma tsoron bai sake ni ba.

Allah ya jiƙan ki, Innata, ya haskaka kabarinki. In Yaya Isa yana wajenku, Allah ya gafarta masa. Allah ya tsare mana Haladu a duk inda za su kai shi, ya dawo mana da shi da ƙafafunsa. Allah kada ka nuna mini ranar da zan nemi farin ƙyalle saboda shi.

Ɗiyarki mai kewar ki,
Asabe
Angwan Iya, Keffi