Munduwa a Garkar Bayan Ɗaki

Dakoro, 4 ga Fabrairu

Zuwa ga Baban Ramla,

Gaisuwa mai yawa da fatan alheri. Ina gajiya, yaya sanyin Agadas? Mu nan lafiya lau, Baba Mamani ma ƙafar ta yi sauƙi.

Garkar bayan ɗaki ta kama sosai. Rabona da sayen kayan miya tun kaka. Zogale, yakuwa, tumatir, duk daga gida. Sai dai kusurwar gabas ta fi ko'ina kyau, ko ban ba ta ruwa ba, ganyenta shar.

Jiya da hantsi ina haƙa wurin don in sa dankali, hauya ta bugi wani abu. Munduwa ce ta baƙin ƙarfe, ƙarama, ko hannun Ramla ba za ta shiga ba. Da na ja, sai ta taho da ɗan ƙashi. Na mayar, na rufe.

Na faɗa wa Baba. Ya ce lokacin yunwar 1984 nan fili ne, makiyayan da dabbobinsu suka ƙare suka sauka. Shi da kansa ya rufe wata yarinya a wurin, ba shi da ƙarfin kai ta maƙabarta. Shekara biyu ke nan muna ci daga kanta. Ban iya cin tuwo ba. Ka ba ni shawara.

Matarka,
Haula

Dakoro, 11 ga Fabrairu

Zuwa ga Baban Ramla,

Bayan gaisuwa da begenka, ina fatan kana lafiya. Ba a samu mai tafiya ba, wasiƙar farko tana nan ƙarƙashin katifa, za su iso maka tare. Kafin ran Laraba, ban da ni da Baba, ba wanda ya san zancen.

Ran Laraba bayan azahar wata tsohuwa ta yi sallama, Buzuwa, ta ce sunanta Raudatu, daga Korahane take. Na kawo ruwa, ba ta sha ba. Ta wuce ni, ta zagaya bayan ɗaki kamar gidansu, ta durƙusa daidai inda na haƙa, alhali na shafe wurin na baza kara.

Na tambaye ta wa ya gaya mata. Ta ce ɗiyarta. Kwana uku a jere tana zuwa mata a mafarki tana cewa an taɓa mata hannu. Shekara arba'in ba ta taɓa mafarkinta ba sai yanzu.

Na fashe da kuka, na roƙe ta gafara, na ce zan tumɓuke komai. Ta riƙe hannuna, tafinta sanyi ƙalau duk da zafin rana. Ta ce kada in kuskura. Yunwa ce ta kashe yarinyar, tana kiran fura har ta yi shiru, in yanzu ita ke ciyar da ɗiyan wani, a bar ta. Ta tsinki tumatir ɗaya ta ƙulle a bakin zane, ta tafi.

Liman ya zo ya yi addu'a, mun kewaye kabarin da ƙaya, sauran wurin ina ba shi ruwa. Yau na yi miyar yakuwa, yara sun cinye har da suɗe kwano. Ni dai in na shiga garkar yanzu sai na yi sallama, kuma nakan ɗan dakata kafin in taka.

Ka dawo da wuri, don Allah. Baba da yara suna gaishe ka.

Matarka,
Haula