Tarwaɗa a Akwatin Gilashi

Ƙanena Issufu,

Assalamu alaikum. Ina gajiya, ina iyali, yaya ƙafar Inna? Ni ina nan unguwar Manshiya.

Na sayi akwatin gilashi na kiwon kifi, na zuba jajayen kifaye biyar. Sai wani ɗan garinmu mai aikin gona a garin Tamanhint ya kawo mini 'yar tarwaɗa. Mai shagon da na sayi akwatin ya ce, "Malam, kada ka haɗa su." Na ce masa a bakin kogi aka haife ni.

Na haɗa su, tarwaɗar ta cinye huɗu. Karatuna bai hana ni gadin gareji ba, balle ya koya mini kifi. Na biyar yana cikin bokiti, ba ya cin abinci.

Ka gaida mutanen gida. Ku sa ni a addu'a, amma kada ka ce musu saboda kifi ne.

Yayanka,
Hamidu