Tsarkiyar da Ban Kwance Ba

Laraba da dare, Fagge. Wata na biyu da komawar soja bariki.

Tunda aka ɗauke shingen soja daga bakin titi, ɓarayi suka riga mu cin moriyar mulkin farar hula. Unguwa ta kafa 'yan sintiri, aka ce in kawo bakan marigayi Baba. Da la'asar na sauko da shi daga ƙusa, ina ta yi wa jama'a lacca cewa kibiyar Baba kan isa jikin barewa kafin a ji ƙarar tsarkiya. Su malam manya.

Na ja, na saki. Kibiyar ta yi taku biyar ta kwanta a kwata. Obinna mai kayan mota, da ya biyo daga Sabon Gari, ya ce, "Malam, wannan sai ɓarawon ya tsaya ya jira ta."

Na taya su dariya. Malam Audu, abokin farautar Baba, bai yi ba. Ya shafa icen ya ce, "Wa ya bar shi a ɗaure? Baka in ba a kwance masa tsarkiya ya huta ba, a tsaye yake mutuwa."

Kwana biyu kafin Baba ya cika ya ce mini, "Ka kwance mini bakan nan." Na ce to, bari in ƙarasa shafin nan. Shekara tara ke nan.

Ɗazu na kwance tsarkiyar, na zauna ina jiran ya miƙe. Yana nan a tanƙware, kamar har yanzu wani na jan sa.