Na'urar Sanyin da Na Saka a Ɗakin Takardu

Hajiya Raƙiya, a taimake ni da shawara, don maganar nan ta tsaya mini a wuya, kuma ba ni da wanda zan gaya wa a garin Tawa ba tare da an kai ta kasuwa ba.

Ni mai aikin kuran ne, wato wutar lantarki, da na'urorin sanyi. A aji uku na kolej na bar lakkwal, wato makarantar boko, ba wanda ya riƙe mini hannu. Yau shekara talatin da ɗaya ina wanga aiki, ma'aikata tara ke ƙarƙashina. Ɗiyata ta fari ni na kai ta Yamai ta yi karatun injiniya.

Wata ƙungiya ta gina gidan ajiyar tarihin Adar: tsoffin takardun ajami, hotuna, kaset na makaɗan da suka rasu, da zauren da jama'a za su zauna su karanta. Ɗiyar tawa aka ba zanen wuta da iska, aikinta na farko ke nan. Ni aka ba haɗawa. A ɗakin takardu ta sa bango biyu masu kauri, babu taga ta yamma, sai kafar iska can sama da ƙaramar fanka mai aiki da sola. Na'urar sanyi mai ruwa, wadda muke ce ma imidifikater, a zauren karatu kaɗai ta yarda a sa.

Da zafin Afrilu na shiga ɗakin, ma'auni ya nuna talatin da huɗu. Na ji kunya. A ce ni na haɗa gida, baƙo ya shiga ya fito yana zufa? Na yi mata magana, ta ce takarda ba mutum ba ce. Ni ko na ɗauko na'urar ruwa guda daga shagona na saka, kyauta. Ba ta cin wuta kamar kilim, wato iyakwandishan, sola na ɗaukarta lafiya lau. Tsimin wuta ai shi aka ce ana so.

Aka bar ta tana aiki har damina ta sauka. Sai wani dattijo na Kalfu, in kira shi Malam Ciɗo, ya zo ganin takardun kakansa da ya ba da amana. Ya tarar tawada ta nashe, wasu ganyaye sun manne, ga funfuna a gefe. Ya ce zai kwashe abinsa, mutanen garin Afala da suka kawo nasu takardun ma sun fara cewa haka. Komitin gidan, wanda malaman lakkwal ne, ya ɗora laifin kan zanen ɗiyata. Yarinyar ta san ni ne, ba ta faɗa ba. Ni ma ban yi ƙarya ba, shiru dai na yi. Na'urar kuwa na cire ta tun kafin zamansu.

Ranar Alhamis za su yanke ko su janye sunanta daga aikin. Uwarta ta daina haɗa ido da ni. Amma Hajiya, ni ba zan tsaya gaban malaman lakkwal da ba su taɓa riƙa filaya ba in ce na yi kuskure. Da niyyar alheri na yi. Yarinya ce, za ta samu wani aikin. Ni in sunana ya zube, wa zai sake kirana? Ki gaya mini yadda zan kashe maganar ba tare da na duƙa ba.

Uban Injiniya, Tawa

Malam, na karanta, kuma ba zan raina shekarunka a aiki ba. Kana da gaskiya a wuri guda: na'urar ruwa ta dace da ƙasarmu mai bushewa, shi ya sa ɗiyarka ta sa ta inda mutane ke zama. Amma tawadar kakanni da ƙaro ake haɗa ta, laima ke narkar da ita. Takarda ta fi jure zafin da bai canzawa a kan sanyi mai ɗanshi. Wannan ita ta karanta, kai ba ka karanta ba, kuma ba abin kunya ba ne.

Hanyar da kake nema babu ita. Shirunka shi ke ɗaure ta, ita kuma nata shirun don kai take yi. Kai an san ka shekara talatin, kuskure ɗaya ba zai rufe shagonka ba. Ita ba ta da wani aikin da za ta nuna.

Kada ka jira Alhamis. Ka tafi Kalfu ka samu Malam Ciɗo, ka faɗa masa da bakinka. Ka roƙe shi kada kowa ya ɓamɓare ganyayen da suka manne, sai an samo masanin gyaran takardu. Sannan ka shiga zaman komiti, ka faɗi ranar da ka saka na'urar da ranar da ka cire. Ba sai ka duƙa ba, a tsaye ma ana faɗin gaskiya. Ka nemi a gwada ɗakin yadda ta zana shi, damina guda cur, da ma'aunin laima a bango.

Kafin duk wannan, ka kira ɗiyarka ka gaya mata za ka yi magana, don ta daina ɗaukar kayanka a kanta. Allah ya ba ka ƙarfin zuciya, ya sa albarka a hannunka da nata.

Hajiya Raƙiya